Tsaron lafiya a tseren keken kan titi na 'yan sha'awa

Tsaron lafiya a tseren keken kan titi na 'yan sha'awa shi ne tarin dokoki, tsare-tsare da kayan kariya da ake amfani da su domin rage haɗari a gasar keke da ake yi a kan hanyoyin jama'a, wadda masu shiga cikinta ba da tseren suke cin abinci ba. Galibinsu ɗalibai ne da ma'aikata da 'yan kasuwa da dattawa, waɗanda ke fita gasa a ƙarshen mako ƙarƙashin ƙananan ƙungiyoyinsu. Babban abin da ya raba tserensu da na ƙwararru irin Tour de France shi ne matsayin titin. Ga ƙwararru ana rufe hanya baki ɗaya, 'yan sanda na gaba da baya, likitoci na biye a mota. Ga 'yan sha'awa kuwa, sau da yawa titin a buɗe yake, motocin jama'a na wucewa ta ɗaya hannun, masu tsare mararraba kuma 'yan sa-kai ne.

Wannan matsala ta haifar da nau'o'in gasa da dama da ke maye gurbin tseren da ake tashi tare: tseren agogo, tseren rufaffen kewaye, gran fondo, tseren hanyar burji da tseren intanet. Kowannensu yana kawar da wani ɓangare na haɗarin, amma yakan bar wani, ko ya kawo sabo. Ƙasar da tarihin wannan ja-in-ja ya fi tsawo a cikinta ita ce Birtaniya, inda aka shafe fiye da shekara 50 hukumar keke ta ƙasar na haramta tseren tashi-tare a kan titi.

Kalmomi

Yawancin kalmomin wasan daga Faransanci suka fito, domin a Faransa ya bunƙasa, kuma da Faransanci hukumar keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, take ɗauke da sunanta. Peloton, wato babban ayarin mahaya da ke tafiya a dunƙule, asalinta "ƙaramin dunƙule" kamar na zare. Kermesse, sunan tseren ƙauyuka na Beljiyam, ta samo asali ne daga kalmomin Holanci biyu masu nufin coci da addu'ar taro, saboda a ranar bikin shekara na cocin gari ake yin tseren. Gran fondo Italiyanci ce, ma'anarta tafiya mai dogon zango. A wannan maƙala an yi amfani da "ayari" a madadin peloton, da "tseren agogo" ga gasar da kowane mahayi ke tafiya shi kaɗai ana ƙirga masa lokaci.

Tushen haɗarin

Ayari

Dalilin da ya sa mahaya ke matse juna shi ne iska. Idan keke na gudun kilomita 40 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan ƙarfin da mahayi ke kashewa wajen ture iskar da ke gabansa yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani yana samun ragin kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala, wanda ke tsakiyar babban ayari kuma ragin nasa ya fi haka nesa. Binciken da Bert Blocken na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven ya jagoranta a 2018, a kan ayari mai mahaya 121, ya nuna cewa turjiyar iska ga waɗanda ke can ciki na iya sauka zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da mai tafiya shi kaɗai ke fuskanta. Saboda haka duk wanda ya bar tazara ya yi asarar ƙarfi, kuma duk wanda ayari ya bari a baya da wuya ya sake kamo shi.

Lissafin haɗarin a fili yake. Gudun kilomita 40 a awa daidai yake da mita 11 a daƙiƙa ɗaya, alhali tazarar da ke tsakanin tayar gaban mahayi da tayar bayan na gabansa sau da yawa ba ta kai rabin mita ba. Idan na gaba ya taka birki ba zato, ko ya kauce wa rami bai nuna wa na baya ba, babu lokacin da za a yi wani abu. Faɗuwar da aka fi gani tana faruwa ne idan tayar gaban wani ta shiga gefen tayar bayan wani, sai na gaban ya ɗan karkata ya goge ta. Kusan kullum na baya ne ke faɗuwa, waɗanda ke biye da shi kuma su afka masa.

A gasar 'yan sha'awa akwai ƙarin matsala: ƙarfin ƙafa na riga ƙwarewar hannu zuwa. Mutum na iya samun ƙarfin gudu cikin shekara ɗaya ta hanyar atisaye shi kaɗai, ko a kan na'urar cikin ɗaki, ba tare da ya taɓa shan kwana kafaɗa da kafaɗa da mutum arba'in ba. Shi ya sa hukumomi ke raba mahaya aji-aji. A Birtaniya sabon shiga yana farawa daga aji na 4, ya tara maki ya hau na 3, na 2, na 1, har zuwa ajin gwanaye. A Amurka ma akwai irin wannan tsani, da ajin sababbin shiga a ƙasa. Amma tsarin yana da nasa aibin, domin ajin ƙasa ya zama wurin da aka tara duk marasa gogewa wuri guda, kuma tun da ƙarfinsu kusan ɗaya ne, ayarin ba ya warwatsewa, sai a iso layin ƙarshe a cunkushe kowa na ganin shi zai ci. Ɗaruruwan mitocin ƙarshe su ne suka fi kowane wuri haɗari a irin wannan gasa.

Titi da motoci

A tseren da ba a rufe hanya ba, mahaya na ƙarƙashin dokokin hanya kamar kowa. An ba su hannu ɗaya na titi, ɗayan na motocin da ke tahowa ne. A Amurka ana kiran wannan dokar layin tsakiya: wanda ya tsallaka layin don ya wuce wasu ana iya korarsa daga gasar. Dokar tana da sauƙin rubutawa, bin ta ne ke da wuya, musamman idan iska na bugowa daga gefe, domin a lokacin nan wurin laɓewa yana karkata zuwa gefen na gaba, sai jerin mahaya ya bazu a karkace har ya kai ɗaya hannun. Karo da motar da ke tahowa ba ya yawan faruwa kamar gogar taya, amma idan ya faru sakamakonsa ya fi muni ƙwarai.

Titunan zamani ma sun ƙara wahalar da masu shirya gasa. Abubuwan da aka girka don rage gudun mota, kamar tudun rage gudu, tsibiran tsakiyar titi, turakun ƙarfe da shataletale, tarko ne ga ayari, domin na gaba kaɗai ke ganinsu. Na tsakiya bayan wani kawai yake kallo. Shi ya sa ake tsayar da mutum da tuta da usur a gaban kowane irin wannan shinge.

Motocin gasar da kansu na iya zama haɗari. A watan Maris na 2016 ɗan tseren Beljiyam Antoine Demoitié ya rasu bayan ya faɗi a gasar Gent–Wevelgem, babur ɗin rakiya ya buge shi. Gasar ƙwararru ce, amma darasin ya shafi ƙananan gasanni, inda direbobin rakiya ba su kai na manyan gasanni horo ba.

Raunuka da hular kwano

Raunin da ya fi yawa shi ne ƙujewar fata a kan kwalta, a cinya, gwiwar hannu da kafaɗa. A karaya kuwa an fi samun ta ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, da ta wuyan hannu, saboda mutum kan miƙa hannu ya tare ƙasa. Raunin kai shi ne ke kisa. Hukumar keke ta Amurka ta wajabta hular kwano a gasanninta tun 1986. UCI ta yi yunƙurin wajabta wa ƙwararru a 1991, mahaya suka yi bore a gasar Paris–Nice, aka janye. Sai da Andrei Kivilev na Kazakistan ya rasu a watan Maris na 2003, bayan ya faɗi ba hula a wannan gasar ta Paris–Nice, sannan aka kafa dokar a watan Mayu na shekarar. A wannan fanni 'yan sha'awa sun riga ƙwararru.

Hular tana da iyaka. Ma'aunin Turai mai lamba EN 1078 yana gwada ta ne ta hanyar sako ta daga tsayin kusan mita ɗaya da rabi, wanda ya yi daidai da buguwa a gudun da bai kai kilomita 20 a awa ba. Wannan ya dace da faɗuwa daga kan keke zuwa ƙasa, ba a ƙera ta don karo da mota ba. Haka kuma ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. UCI ta fitar da ƙa'idar gano wannan rauni a ƙarshen 2020. Wahalar aiwatar da ita ita ce tseren keke ba ya tsayawa: babu hutun rabin lokaci, babu canjin ɗan wasa, kuma abin da mahayin da ya faɗi ke fara nema shi ne kekensa.

Tarihi a Birtaniya

An fara tseren keke a Faransa a ƙarshen shekarun 1860. Gasar Paris zuwa Rouen ta 1869, wadda Baturen Ingila James Moore ya lashe, tana cikin na farko da aka yi daga gari zuwa gari. A Faransa, Beljiyam da Italiya hukumomin gari sun karɓi wasan, jaridu suka riƙa ɗaukar nauyinsa. A Birtaniya abin ya bi wata hanya.

A ƙarshen ƙarni na 19 matsayin keke a kan hanyoyin Birtaniya bai gama tabbata ba, masu dawakai da kekunan doki na ƙorafi, 'yan sanda na kama mahaya da laifin tuƙin ganganci. Hukumar keke ta lokacin, National Cyclists' Union, ta ji tsoron kada tsere ya jawo a hana hawan keke a titi baki ɗaya. Saboda haka a 1890 ta haramta wa mambobinta tsere a kan hanya, ta ce a koma filayen da aka gina don haka. Abin lura a nan shi ne lafiyar mahaya ba ita ce kan gaba a wannan hukunci ba, kare haƙƙin sauran masu keke na amfani da titi ne.

Wasu ƙungiyoyi sun ci gaba da tsere. A 1894, a wata gasa da aka yi a babbar hanyar da ta nufi arewa daga Landan, mahaya sun wuce wata mata da ke tuƙa keken doki, dokin ya firgita, aka yi haɗari, ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Ɗaya daga cikin mahayan, Frederick Thomas Bidlake, shi ne ya kawo mafita: kowa ya tashi shi kaɗai, a bar tazarar lokaci tsakaninsa da na bayansa, a hana bin bayan juna, a tantance wanda ya ci da agogo. Ga ɗan sandan da ke tsaye a bakin hanya, mutum ɗaya ne ke wucewa a kan kekensa. Ƙungiyar North Road ta shirya irin wannan gasa ta farko a watan Oktoba na 1895, a kan mil 50, kimanin kilomita 80.

Daga nan wata al'ada ta sirri ta kafu, wadda ta daɗe shekaru da dama. Ana tashi da asuba, mahaya na sa baƙaƙen kaya daga wuya har ƙafa, ba sa ɗaura lamba, ba a sanar da gasa a jarida kafin ranarta, hanyoyin kuma ana kiransu da haruffa da lambobi maimakon sunayen garuruwa. Har yau hanyoyin tseren agogo a Birtaniya na ɗauke da irin waɗannan lambobi, ko da yake sirrin ya daɗe da ƙarewa. Tseren tashi-tare kuwa an taƙaita shi ga rufaffun wurare, kamar filin tseren motoci na Brooklands a shekarun 1930, da Tsibirin Man, wanda ke da dokokinsa na rufe hanya.

Wanda ya karya wannan tsari shi ne Percy Stallard, mai shagon keke a Wolverhampton, wanda ya wakilci ƙasarsa a gasar duniya ya ga yadda ake yi a nahiyar Turai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙarancin man fetur ya sa tituna sun zama fayau. Ya nemi amincewar shugabannin 'yan sandan yankunan da hanya ta ratsa, ya samu, ya shirya tseren tashi-tare daga Llangollen zuwa Wolverhampton ranar 7 ga Yuni 1942, tafiyar mil 59, kimanin kilomita 95. An gama lafiya. Hukumar ta dakatar da shi da waɗanda suka shiga, su kuma suka kafa tasu ƙungiyar, British League of Racing Cyclists, a ƙarshen shekarar. Rikicin ɓangarorin biyu ya kai shekara 17, sai a 1959 suka haɗe suka zama hukumar da a yau ake kira British Cycling. Tseren agogo ya ci gaba da zama ƙarƙashin hukumarsa daban, wadda yanzu sunanta Cycling Time Trials.

Doka da masu tsare hanya

A dokar Birtaniya, shirya tseren keke a kan hanyar jama'a ko shiga cikinsa laifi ne sai an bi ƙa'ida. Wannan yana cikin sashe na 31 na dokar zirga-zirgar hanya ta 1988, ƙa'idojin kuma suna cikin dokar tseren keke a kan manyan hanyoyi ta 1960, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya. Ita ce ta tanadi a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 28 kafin gasa, ta kuma sa iyaka ga yawan mahaya. An rubuta ta ne a zamanin da motocin da ke kan hanya ba su kai na yau ko kusa ba.

Na dogon lokaci mai tsare mararraba ba shi da ikon tsayar da mota, sai dai ya ɗaga jar tuta ya yi fatan direba zai tsaya. Ɗaukar 'yan sanda kuwa kuɗi ne da ƙaramar ƙungiya ba ta da su. Daga baya aka ɓullo da tsarin horar da 'yan sa-kai a ba su izini, su riƙe allo na musamman wanda doka ta tilasta wa direba ya tsaya idan an ɗaga masa. Akwai kuma rukunin masu babura da ke rakiyar gasa, suna gaba suna gargaɗin motoci. A Faransa ana da makamancin wannan, inda hukumar yanki ke ba gasa fifikon wucewa, 'yan sa-kai masu rigar shaida kuma su tsare mararrabu.

Duk wannan tsari a kan 'yan sa-kai ya dogara. Gasa guda a kan kewayen kilomita goma sha biyar na iya buƙatar mutum da dama a mararrabu, da motar gaba, motar baya, alƙalai, masu agajin gaggawa, ga kuɗin inshora da na hayar zauren rajista. Idan masu shiga suka ragu, kuɗin shiga ba ya biyan waɗannan, sai a soke gasar. Raguwar tseren tashi-tare a kan buɗaɗɗen titi a Birtaniya da Amurka na da alaƙa da wannan lissafi kamar yadda take da alaƙa da tsoron haɗari.

Wasu nau'o'in gasa

Tseren agogo

Yana kawar da haɗarin ayari gaba ɗaya. A Birtaniya mahaya na tashi da tazarar minti ɗaya, a kan mil 10, 25, 50 ko 100, ko kuma a ga wanda zai fi nisa cikin awa 12 ko 24. Shi ne mafi sauƙin shiryawa, kuma ƙofar da yawancin sababbi ke shigowa ta ita. Amma mahayin yana kan titi shi kaɗai, babu motar rakiya, babu taron da zai ja hankalin direba. Kekunan tseren agogo na da sanduna a gaba da ake kwantar da hannu a kai, nesa da birki, kuma neman rage iska na sa mutum ya sunkuyar da kai har ya daina kallon gabansa. Ƙari a kan haka, hanyoyin da suka fi ba da lokaci mai kyau su ne manyan tagwayen hanyoyi masu santsi, inda iskar motocin da ke wucewa ke jan keke gaba, wato wurin da ya fi gudu shi ne wurin da mota ke zuwa daga baya da mugun gudu. Hukumar ta wajabta fitilar baya a 2020, sannan fitilar gaba da hular kwano ga kowa daga 2022.

Ɗan uwansa shi ne tseren hawan tudu, wanda ake yi a kaka. Gajere ne, gudun kaɗan ne, don haka faɗuwa mai muni ba ta da yawa.

Rufaffen kewaye

Kiriteriyom tsere ne na zagaye da yawa a kan gajeren kewaye, yawanci kilomita ɗaya zuwa biyu, na kusan awa ɗaya ko ƙasa da haka, a cikin gari da aka rufe tituna ko a filin da aka gina don keke, kamar na Hillingdon da na Lee Valley a Landan. Babu mota ko ɗaya, masu agaji na kusa, alƙalai na ganin kusan komai. A Amurka shi ne nau'in tseren titi da ya fi yawa. Sai dai kwanoni sun yi yawa, ana taka birki ana sake tashi a kowane zagaye, ayari kuma a matse yake daga farko har ƙarshe. Faɗuwa ba ta ragu ba, abin da ya ragu shi ne yiwuwar a faɗa gaban mota. Kermesse ta Beljiyam tana tsakani: kewayen ya fi tsawo, ana tsayar da motoci ne kawai lokacin da mahaya ke wucewa.

Filin tseren keke mai gangaren bango shi ne ƙarshen wannan tunani. Na zamani tsawonsa mita 250 ne, kekunan ba su da birki, kuma wannan da kansa kariya ce, domin babu wanda zai iya tsayawa farat ɗaya a gaban wani. Matsalarsa tsadar gini. A Najeriya akwai irinsa a harabar babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003.

Tseren rangwame

Ana raba mahaya ƙananan rukunoni bisa ƙarfinsu, marasa ƙarfi su fara tashi, gwanaye su biyo daga ƙarshe. Ya shahara a Ostareliya, inda aka yi gasar Melbourne zuwa Warrnambool a wannan tsari tun daga 1895 har kusan shekara ɗari. Ƙaramin rukuni ya fi sauƙin tafiya a hannu ɗaya na titi, kuma yana koya wa sabo karɓa-karɓar ja gaba. Idan mai rabon lokaci ya iya aikinsa, duk rukunonin za su haɗu dab da ƙarshe, a nan cunkoson da aka guje wa ke dawowa.

Gran fondo

Wannan tafiya ce ta dubban mutane a kan doguwar hanya, kowa da na'urar da ke ɗaukar lokacinsa. Ta samo asali a Italiya, inda aka fara Nove Colli a garin Cesenatico a farkon shekarun 1970. A Faransa L'Étape du Tour, wadda aka fara a 1993, tana ba 'yan sha'awa damar bin zango ɗaya na Tour de France a rufaffiyar hanya. A Afirka mafi girma ita ce ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, mai kilomita 109, wadda aka fara a 1978 domin jan hankali ga buƙatar hanyoyin keke. An gajarta ta a 2015 saboda gobarar daji, an soke ta a 2017 saboda iska mai ƙarfi.

Yawan mahalarta ne ke biyan kuɗin rufe hanya, abin da ƙaramar ƙungiya ba za ta iya ba. Haɗarinta na zuwa ne daga cakuɗuwar gwanaye da sababbi a gangaren dutse, da kuma ciwon zuciya da zafin rana ga waɗanda suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Rufe hanya na tsawon yini kuma yana ɓata wa mazauna rai: a 2009 an watsa ƙananan ƙusoshi a hanyar Etape Caledonia a Sikotilan, tayoyin ɗaruruwan mahaya suka fashe. A Birtaniya yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye a buɗaɗɗen titi ake yinsu, kuma a hukumance ba tsere ba ne, don haka dokar 1960 ba ta hau kansu, ko da yake na gaba-gaba tsere suke yi a zahiri.

Hanyar burji da laka

Tseren hanyar burji ya bunƙasa a Amurka, inda ake da dubban kilomitoci na hanyoyin karkara marasa kwalta da mota ba ta cika bi ba, kuma samun izininsu ya fi sauƙi. Gasar da yanzu ake kira Unbound Gravel ta fara a garin Emporia na jihar Kansas a 2006 da mahaya 34, a kan mil 200, kimanin kilomita 320. UCI ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a Italiya a 2022. Gudun ya ragu, ayari na saurin warwatsewa, motoci kaɗan ne. A gefe guda kuma hanyoyin a buɗe suke, mararrabu da yawa ba mai tsaro, ƙura na rufe ido, kuma wanda ya ji rauni na iya kasancewa nesa ƙwarai da asibiti, a wurin da waya ba ta kamawa.

Tseren laka na lokacin sanyi, mai suna cyclo-cross, ana yinsa a rufaffen fili mai tsawon kilomita biyu da rabi zuwa uku da rabi, a kan ciyawa, yashi da taɓo. Ana yawan faɗuwa, amma a hankali kuma a ƙasa mai taushi, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke fara koyar da yara da shi.

Dogon zango ba rakiya

A wannan nau'i mahayi na ratsa ƙasa ko nahiya shi kaɗai, agogo ba ya tsayawa dare da rana. Babu ayari, amma akwai rashin barci da tafiyar dare a manyan hanyoyi. Mike Hall na Birtaniya, wanda ya kafa gasar Transcontinental a 2013, ya rasu ranar 31 ga Maris 2017 bayan mota ta buge shi kusa da Canberra, a wata gasa ta ratsa Ostareliya.

Tseren intanet

Mahayi na ɗora kekensa a kan na'urar da ke auna ƙarfin da yake taka feda, manhaja irin Zwift ta mayar da shi gudu a allon kwamfuta. Ya yaɗu sosai a lokacin kullen annobar korona, UCI kuma ta yi gasar duniya ta farko a watan Disamba na 2020, inda Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ta lashe ɓangaren mata. Babu faɗuwa, babu mota. Matsalolinsa su ne maguɗi wajen bayyana nauyin jiki, tsadar na'ura da buƙatar lantarki da intanet mai ƙarfi. Ba ya kuma koyar da riƙon keke a cikin mutane.

Gano wanda ya faɗi

Ranar 26 ga Satumba 2024, Muriel Furrer 'yar Suwizalan, mai shekara 18, ta faɗi a wani gangaren daji ana ruwan sama, a tseren matasa mata na gasar duniya a Zurich. Ba wanda ya lura, ta kwashe fiye da awa ɗaya kafin a gano ta, ta rasu washegari sakamakon raunin kai. Hanyar a rufe take, da masu tsaro da likitoci, amma babu abin da ya nuna wa kowa cewa mahaya guda ta ɓace. A gasar duniya ta 2025 a Kigali ta Ruwanda, wadda ita ce ta farko a Afirka, UCI ta maƙala wa kowane keke na'urar da ke nuna inda yake.

Ƙananan gasanni ba su da kuɗin irin wannan na'ura. Abin da suke dogaro da shi shi ne motar da ke bin mahayi na ƙarshe, da rubuta lambobin masu wucewa a kowane zagaye, da dokar da ta ce duk wanda ya janye daga gasa sai ya je wurin alƙalai ya sanar ko ya mayar da lambarsa kafin ya tafi gida. A tseren agogo na Birtaniya kowane mahayi na sa hannu a takarda kafin ya tashi, ya sake sa hannu bayan ya dawo, kuma wanda bai sa na biyun ba ana rubuta shi a matsayin wanda bai gama ba.